Shin bugawa tare da ƙwayoyin jijiya ke yi ne ke haɗa mana siffofin abin da muke gani?

Hauwa'u ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, malamaina da 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, kuma bincikena ya shafi rarrabe abubuwan da ke cikin hoto ta amfani da samfurin lissafi na ƙwayoyin jijiya masu kaɗawa. Tsarin da na gina da Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, ba shi da wata sarƙaƙiya: kowane ɗigo na hoton yana da ƙwaya guda mai zagayawa da nata gudun, an haɗa ta da maƙwabtanta takwas, kuma ƙarfin haɗin yana ƙaruwa gwargwadon yadda hasken ɗigogin biyu ya yi kama da juna. Lissafin Kuramoto, wanda ke bayyana yadda masu kaɗawa ke jan juna har su daidaita, na bi wajen haɗin. Abin da ake fata shi ne ɗigogin abu ɗaya su riƙa bugawa tare, na wani abin dabam kuma su buga a nasu lokacin, ta yadda lokacin bugun zai zama alamar da ke nuna wane ɗigo na wane abu ne.

Idan hoton na abu biyu ne ko uku a kan farin fili, aikin yana tafiya yadda ake so. Amma da zarar abubuwan sun kai takwas ko tara, sai in tarar da biyu daga cikinsu, waɗanda ba su ma kusa da juna, sun faɗa cikin bugu ɗaya, samfurin ya ɗauke su a matsayin abu guda. Haka kuma idan abin yana da girma, ɗigoginsa sukan ɗauki dogon lokaci kafin su daidaita, wani lokacin ma sai wata guguwa ta kafu a tsakiyarsa ta yi ta juyawa ba ta lafa ba.

Tambayata ta farko ita ce me ke jawo waɗannan matsalolin biyu, amma ta biyu ta fi damuna. A gabatarwar aikin na rubuta cewa ta irin wannan bugawa tare ne ƙwaƙwalwa take haɗa siffofin abin da ido ya gani, sai mai duba aikina ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta a gefe: "Wa ya tabbatar?" Shin masana sun tabbatar da hakan, ko kuwa zato ne da ya yi farin jini? Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san fannin, Allah Ya saka da alheri.

Malam Isiyaku ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Matsalolin biyu da kika ci karo da su tsofaffi ne, sun kai shekara talatin ana fama da su, saboda haka bari in fara da inda maganar ta samo asali, domin a nan ne amsarsu take.

Tun daga aikin David Hubel da Torsten Wiesel a kan kyanwa a 1959 aka san cewa ƙwaya ɗaya a sashen gani na ɓawon ƙwaƙwalwa ɗan ƙaramin yanki kawai take kallo, kuma siffa ɗaya ce ta dame ta, kamar layi mai karkata ta wata fuska. Daga baya aka ga cewa launi da motsi ma suna da wuraren da suka fi ƙarfi a cikinsu. To, idan mutum yana kallon jar hula da baƙar jaka, ƙwayoyin ja da na baƙi da na siffar hula da na siffar jaka duk suna aiki a lokaci guda, me ke hana shi ganin baƙar hula da jar jaka? Peter Milner a Kanada a 1974, sannan Christoph von der Malsburg a Göttingen ta Jamus a 1981, sun kawo shawarar cewa lokaci ne ke yin ɗaurin, wato ƙwayoyin da ke wakiltar abu ɗaya su saki bugunsu tare. Shawarar ta zauna a takarda har zuwa 1988 da 1989, lokacin da ayarin Reinhard Eckhorn a Marburg da na Wolf Singer da Charles Gray a Frankfurt suka ga kaɗawa mai gudun kusan sau 40 zuwa 60 a daƙiƙa a ƙwaƙwalwar kyanwa. A gwajin Frankfurt da ya fi shahara, an sanya allurai biyu na lantarki a wurare masu tazarar milimita 7. Da aka gilma doguwar sandar haske guda ta gaban wuraren biyu, sai suka buga tare sosai. Da aka gilma gajeru biyu masu tafiya ta fuska ɗaya, daidaiton ya ragu, da aka juya ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya kuwa, sai ya ɓace. Wannan sakamakon ne ya sa masu lissafi suka yi ca a kan batun a farkon shekarun 1990.

Yanzu ga matsalarki ta farko. A tsarinki akwai abin da ke jawo ɗigogin abu ɗaya su haɗu, amma babu abin da ke ture abubuwa mabambanta daga juna, don haka matsayin da kowane abu zai tsaya a kan zagayen sa'a ce kawai. Ki ɗauka cewa sai tazarar abu biyu ta kai kashi ɗaya cikin ashirin na zagaye kafin ki iya bambance su. Yiwuwar kowane biyu su faɗa kusa da juna fiye da haka ɗaya ce cikin goma. Abu uku suna ba da haɗi uku ne kacal, shi ya sa galibi kike tsira, amma abu takwas suna ba da haɗi 28, wato a matsakaici kusan uku daga cikinsu za su faɗa bugu ɗaya a kowane gwaji. Ba ɓaraka ba ce a shirinki na kwamfuta, tsarin ne ya gaji haka.

Maganin da ya fi shahara shi ne na David Terman da DeLiang Wang na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, wanda suka fitar a 1995 da sunan LEGION. Sun bar haɗin zuga tsakanin maƙwabta kamar naki, sannan suka ƙara ƙwaya guda mai tsawatarwa wadda ke jin kowa kuma take danne kowa. Da zarar rukuni ɗaya ya tashi, mai tsawatarwar takan farka ta hana saura tashi, sai wannan rukunin ya sauka sannan na gaba ya samu sarari. Abin ya yi kama da lugude, inda mata uku ko huɗu suke daka a turmi ɗaya: kowace taɓarya tana da lokacin saukarta, kuma tunda lokacin da taɓarya ke ɗauka a cikin turmi ba ya raguwa, akwai iyakar yawan matan da za su iya shiga kafin taɓare su fara karo. LEGION ma haka yake, yawan abubuwan da zai iya rabawa ya dogara ne da tsawon lokacin hutun ƙwaya idan aka gwada shi da lokacin tashinta, kuma a ma'aunan da aka saba amfani da su adadin kaɗan ne, ana iya ƙirga shi da yatsu. A misalinsu na farko sun nuna wa tsarin kalmar OHIO, ya ware haruffan huɗu ɗaya bayan ɗaya, har da haruffan O biyu masu siffa iri ɗaya. Idan aka ɗauki batun zuwa ƙwaƙwalwa ƙuncin ya fi haka fitowa fili, domin zagaye ɗaya na kaɗawa mai gudun 40 a daƙiƙa milidaƙiƙa 25 ne kawai, idan kuwa bugun kowane rukuni ya ci milidaƙiƙa biyar, gurbi biyar ke nan.

Matsala ta biyu daga irin ƙwayar da kika zaɓa take. Samfurin da Yoshiki Kuramoto ya gabatar a 1975 an tsara shi ne da farko ta yadda kowace ƙwaya ke jin dukkan sauran. Idan aka taƙaita jin ga maƙwabta kaɗai, daidaiton yakan bazu ne a hankali daga ɗigo zuwa ɗigo, kuma lokacin da yake ci yana ƙaruwa ne daidai da faɗin abin sau kansa, wato abu mai ninki biyu a faɗi zai ci ninki huɗu na lokaci. Guguwar da kike gani kuwa takan kafu ne idan matsayin ƙwayoyin da ke kewaye da wani ɗigo ya cika zagaye guda cur, kowace tana ganin ta yi kusa da maƙwabciyarta, babu wadda ke da dalilin gyarawa. David Somers da Nancy Kopell sun nuna a 1993 cewa ƙwayoyin da ke taruwa a hankali sannan su yi tsalle farat ɗaya sun fi saurin daidaitawa nesa ba kusa ba, domin tsallen ɗaya yakan ja maƙwabciyarta ta yi nata nan take. Irin waɗannan ƙwayoyin Terman da Wang suka yi amfani da su, kuma su nake ba ki shawarar ki gwada.

Tambayarki ta biyu zan bar wa masu aiki da naman ƙwaƙwalwar kansa, sai dai ina ganin mai duba aikinki yana da hujjar jan layin.

Dakta Binta ta amsa:

Malam ya gama da ɓangaren lissafi, ni kuma zan yi magana a matsayin mai koyar da ilimin aikin gaɓoɓin jiki. Ƙanwata Hauwa'u, ki goge jimlar nan. Kaɗawar gaskiya ce, an auna ta a kyanwa da biri da mutum, kuma an fahimci yadda take tasowa daidai gwargwado. Abin da ba a tabbatar ba shi ne cewa ita ce ke ɗaure siffofi, kuma shaidun da suka taru tun daga ƙarshen shekarun 1990 sun fi karkata ga akasin haka.

Bari in fara da abin da aka sani. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiya a ɓawon ƙwaƙwalwa masu zuga ne, sauran kuma masu dannewa, waɗanda ke sakin sinadarin GABA. Hugh Wilson da Jack Cowan sun nuna tun 1972, da lissafi biyu kacal, cewa idan rukunin masu zuga yana tayar da rukunin masu dannewa, su kuma suna komowa su kwantar da shi, kaɗawa za ta iya tasowa da kanta. A kaɗawar da ake kira gamma, wadda gudunta ke tsakanin 30 zuwa 80 a daƙiƙa, masu zuga sukan buga, bayan 'yan milidaƙiƙoƙi masu dannewa su amsa su rufe bakin kowa, sai dannewar ta saki sannan zagayen ya sake farawa. Tsawon lokacin da dannewar ke ɗauka kafin ta saki yana cikin manyan abubuwan da ke ƙayyade gudun. Samfurin Xiao-Jing Wang da György Buzsáki na 1996 ya nuna cewa masu dannewa su kaɗai ma, idan suna danne juna, za su iya haifar da gamma. A 2009 kuma Jessica Cardin da abokan aikinta suka yi amfani da haske wajen tayar da ƙwayoyi masu dannewa masu saurin bugu a ƙwaƙwalwar ɓera, gamma ta ƙaru, da suka tayar da masu zuga kuwa sai kaɗawa mai ƙarancin gudu ce ta ƙaru. Akwai wani abu a nan da ya shafi samfurinki kai tsaye. Ƙwayar jijiya guda mai zuga ba ta bugawa a kowane zagaye, takan tsallake da yawa, kuma idan aka saurare ta ita kaɗai bugunta kamar ba shi da tsari. Kaɗawar ta taro ce, kamar yadda samfuran Nicolas Brunel da abokan aikinsa suka nuna. Saboda haka abin da kike kira ƙwaya a tsarinki, in ma yana da takwara a ƙwaƙwalwa, to tarin ɗaruruwa ne ko dubbai.

Sai kuma inda gizo ke saƙa. A 1999 Michael Shadlen da Anthony Movshon sun rubuta doguwar suka a mujallar Neuron, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsu har yau ban ga an amsa ta yadda ya gamsar da ni ba. Kafin ƙwayoyin abu ɗaya su buga tare, dole wani abu ya riga ya tantance cewa na abu ɗaya ne, ke nan bugawa taren alama ce da ake mannawa bayan an gama aikin, ainihin aikin yana wani wuri. Bayan haka aka yi gwaje-gwaje a kan birai da ke a farke suna aikin gani. Alexander Thiele da Gene Stoner a 2003 sun nuna wa biri ratsi biyu masu gilma juna, waɗanda wani lokaci ake ganinsu a matsayin abu ɗaya mai tafiya, wani lokaci kuma biyu masu zamewa a kan juna, ba su ga daidaiton bugu ya bi wannan bambancin ba. Pieter Roelfsema, wanda shi kansa ya yi aiki tare da Singer a Frankfurt, ya horar da birai a Holan su bi wani lanƙwasasshen layi da hankalinsu ba tare da motsa ido ba. Abin da ya ruwaito a 2004 shi ne ƙwayoyin da ke kan layin da ake bi sun ƙara yawan bugunsu, amma bugawa tare ba ta bambance ko wurare biyu na kan layi ɗaya ne ko a'a ba. A 2023 ya sake rubuta wata maƙala yana mai cewa ƙaruwar yawan bugu ta wadatar wajen ɗaure siffofi.

Sakamakon da ya fi yi wa ra'ayin illa a ganina shi ne na Supratim Ray da John Maunsell a 2010. Sun gano cewa gudun gamma a sashen gani na farko na biri yana hawa ne tare da kaifin bambancin haske da duhu, daga ƙasa da 40 a daƙiƙa idan hoton ya dushe zuwa sama da 50 idan ya yi kaifi. Da suka nuna abu guda wanda tsakiyarsa ke da kaifi gefensa kuma ya dushe, sai wuraren da tazararsu ba ta wuce kashi huɗu cikin goma na milimita ba suka riƙa kaɗawa da gudu dabam-dabam. Ki yi lissafin da kanki: wuri mai gudun 40 da mai gudun 45, ko da sun fara tare, bayan milidaƙiƙa 100 ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa. Alhali kusan duk abin da muke gani a duniya haskensa ba ɗaya ba ne daga gefe zuwa gefe.

Ga kuma batun irin hoton. Gamma ta fi ƙarfi idan aka nuna ratsi-ratsin baƙi da fari masu faɗi, irin waɗanda ɗakunan gwaji suka fi so. Dora Hermes da abokan aikinta sun auna kai tsaye a saman ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da aka sanya wa na'ura domin shirin tiyata, suka ruwaito a 2015 cewa hotuna da yawa da mutum ke gani sarai ba sa tayar da ita sosai. Daga baya ɗakin binciken Ray a Bangalore ta Indiya ya nuna a 2018 cewa jan launi yana tayar da gamma mai ƙarfin gaske a biri fiye da sauran launuka, alhali babu wanda zai ce jan abu ya fi koren abu haɗuwa a ido. Akwai kuma ƙarancin lokaci, domin Simon Thorpe a Faransa ya nuna a 1996 cewa cikin milidaƙiƙa 150 ƙwaƙwalwar mutum ta riga ta bambance hoton da ke da dabba da wanda babu, kuma wani kaso mai yawa na wannan lokacin a hanya yake ƙarewa kafin saƙon ya iso ɓawon ƙwaƙwalwa. Zagaye nawa suka rage wa kaɗawar ta daidaita? Idan samfurinki yana bukatar zagaye hamsin, ya riga ya fita daga sahun abin da ƙwaƙwalwa za ta iya yi.

Hauwa'u ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Dakta, Allah Ya ƙara ilimi. Lissafin haɗi 28 ya warware mini abin da nake gani, kuma zan koma ga ƙwayoyi masu tsalle tare da mai tsawatarwa. Sai dai bayanin Dakta ya jefa ni cikin wani tunanin. Idan har alamar da ake mannawa ce kawai, kuma ni ce na riga na tsara ƙarfin haɗin bisa kamannin haske, to mene ne kaɗawar ta ƙara wa aikina? Ina tsoron kada a ranar kare aikin wani daga cikin masu jarrabawa ya yi mini wannan tambayar in rasa ta cewa.

Injiniya Lawal ya amsa:

Malama, za a yi miki ita kuwa, gara ki riga su. Idan haɗinki ya tsaya a kan cewa maƙwabta masu haske iri ɗaya su haɗu, to abin da tsarin zai fitar a ƙarshe daidai yake da abin da tsohuwar dabarar nan ta bin ɗigogi masu manne da juna a yi musu lamba ɗaya za ta fitar, ita kuwa cikin ƙiftawar ido take gamawa a kowace kwamfuta. Ki sanya wannan dabarar a matsayin ma'aunin kwatanci, ki gwada su biyun a kan hotunan da Jami'ar Kaliforniya ta Berkeley ta tara, waɗanda mutane suka zana iyakokin abubuwan da ke cikinsu da hannu, ki faɗi sakamakon yadda ya fito ko da bai yi miki daɗi ba.

Ta fuskar injiniya kuwa waɗannan samfuran sun yi rayuwarsu ba tare da jiran hukuncin masana ƙwaƙwalwa ba. Samfurin da Eckhorn ya fitar a 1990 yana da wata dabara mai kyau: saƙon maƙwabta ba a tara shi da saƙon ido, ninka shi ake yi, don haka maƙwabta za su iya gaggauta bugun ƙwayar da ke ganin wani abu, amma ba za su iya sa wadda ba ta ganin komai ta buga ba. John Johnson ya sauƙaƙa shi a farkon shekarun 1990 ya zama abin da ake kira PCNN, wato tsarin ƙwayoyin jijiya na lissafi masu haɗuwa ta hanyar bugu, wanda aka yi ta amfani da shi wajen tace hotuna da haɗa hotunan asibiti. Idan kika koma ga ƙwayoyi masu tsalle, ki rage tazarar matakin lissafinki sosai, domin tsallen yana da sauri, mataki mai faɗi zai tsallake shi ya ba ki daidaiton ƙarya. Manhajar Brian 2, ta kwaikwayon ƙwayoyin jijiya, tana aiki da Python, za ta rage miki wahala.

Malam Isiyaku ya ƙara da cewa:

Ina tare da Dakta a kan goge jimlar, amma ina ganin ta ɗan tsananta a kan sakamakon 2010, kuma a daidai wannan wurin ne nake ganin aikin Malama Hauwa'u zai iya samun abin cewa.

Bambancin gudu ba ya hana daidaito kai tsaye. A lissafin Kuramoto na ƙwaya biyu, idan kowace tana jan ɗayar da wani ƙarfi, za su kulle a gudu ɗaya matuƙar bambancin gudunsu na asali bai wuce ninki biyu na wannan ƙarfin ba, kuma mai saurin ita ce za ta riƙa ɗan gabata. Idan bambancin ya ɗan haura iyakar, ba sa rabuwa kwata-kwata, sukan daɗe suna tafiya kusa da juna, sai ɗaya ta zame da sauri ta cika zagaye, su sake haɗuwa. Idan aka zana bambancin gudu a kwance, ƙarfin haɗi a tsaye, yankin da ake samun kullewa yakan fito da siffar alwatika mai tsini a ƙasa, wadda masu lissafi ke kira harshen Arnold. Wannan hasashe ne da za a iya aunawa, kuma an auna shi. Eric Lowet da Peter De Weerd da abokan aikinsu a Maastricht ta Holan sun sanya allurai uku a sashen gani na farko na birai, suka riƙa sauya kaifin hoton a gaban kowace allura domin su sauya gudun, suka ɗauki tazarar da ke tsakanin alluran a matsayin ma'aunin ƙarfin haɗi. A rahotonsu na 2017 alwatikar ta fito, kuma wurin da ya fi gudu shi ne ke gabata, kamar yadda lissafin ya ce. Kafin nan, a 2013, Mark Roberts da wannan ayarin sun nuna cewa sashen gani na farko da na biyu suna sauya gudunsu tare idan kaifin hoto ya sauya.

Wannan bai tabbatar da cewa kaɗawa ce ke ɗaure siffofi ba. Abin da ya nuna shi ne cewa ɗan ƙaramin lissafi irin wanda Malama take riƙe da shi yana iya faɗin yaushe wurare biyu na ƙwaƙwalwa za su daidaita, kuma da wace tazara. Shawarata ita ce ta juya tsarinta. Maimakon ta sa kamannin haske a cikin ƙarfin haɗi, wanda shi ne ya sa amsar ta riga ta shige cikin haɗin tun farko, sai ta bar ƙarfin haɗin ya dogara da tazara kaɗai, ta sa kaifin hoton kowane wuri ya ƙayyade gudun ƙwayarsa, kamar yadda Ray da Maunsell suka auna. A nan rarrabewar za ta fito ne daga kaɗawar kanta, kuma tambayar da take tsoro ta samu amsa. Sannan akwai ra'ayin Pascal Fries na 2005, wanda ya sauya wa gamma aiki daga ɗaure siffofi zuwa buɗe ƙofa: saƙon da ya iso daidai lokacin da dannewa ta saki shi ne ke shiga. Gwajin Conrado Bosman na 2012 ya nuna cewa idan biri yana kallon abu biyu, sashen gani na huɗu yakan daidaita da wurin da ke wakiltar abin da birin ya mai da hankali a kai, ya bar ɗayan.

Dakta Binta ta sake amsawa:

Malam, na yarda da juyin da ka kawo, ya fi tsarin farko kusa da abin da aka auna. Sai dai alluran Lowet 'yan milimitoci ne tsakaninsu, kuma daidaiton yana raguwa da sauri idan tazarar ta ƙaru, alhali abu babba a gaban ido yakan mamaye santimitoci na ɓawon ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma ya ratsa ɓangarorinta biyu. Haka kuma Samuel Burns da Dajun Xing da Robert Shapley sun nuna a 2011 cewa gamma ba ta zama a kan gudu ɗaya, takan zo ne a gajerun ɓarke-ɓarke masu yawo, har suka kwatanta ta da hayaniyar da aka tace.

Saboda haka, Hauwa'u, idan za ki bi shawarar Malam, ki ƙara sharuɗɗa uku a gwajin. Ki zuba hayaniya a gudun kowace ƙwaya, ki sanya jinkirin isar saƙo mai ƙaruwa da tazara, sannan ki tsayar da lissafin bayan zagaye goma, domin ido yakan tsaya wuri ɗaya na kusan milidaƙiƙa 250 ne kafin ya yi tsalle zuwa wani. Ki gwada shi da abu guda mai kaifi a tsakiya da dushewa a gefe, irin na gwajin 2010, ki zana mana inda ya tsage gida biyu da kuma ƙarfin haɗin da ake bukata kafin ya daina tsagewa. Idan kin samu zanen, ki ɗora shi a nan mu duba tare da Malam.